A Miƙa Tadala ga Mahaifinta

Daga:
Bizweck Namakhwa,
Ƙauyen Likhomo, Hayin Kogi,
Gundumar Chitembere.

Litinin, 25 ga Yuli, 2022.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Majistare,
Kotun Majistare ta Chitembere.

Game da: Rashin aiwatar da hukuncin riƙon yarinya Tadala Chikaonda, da dukan kisa da aka yi wa mahaifinta Lyson Chikaonda a ƙauyen Ntambalika

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basirar shari'a, ina neman izinin gabatar da kukana a gaban wannan kotu mai daraja.

Ni manomi ne, tsohon ma'aikacin gonar shayi. Ni ne yayan mahaifiyar Esnart Makwinja, wadda wannan kotu ta raba aurenta da Lyson Chikaonda. Ni ne babban kawunta, kuma ni ne nkhoswe ɗinta, wato waliyyinta, wanda ya tsaya mata ranar aure, ya karɓi zakara daga dangin miji ya ba su kaza. Ba sai na koya wa kotu ba cewa a wajenmu miji ne ke tarewa a garin matarsa, 'ya'ya na dangin uwa ne, babban kawu kuma shi ke da ta cewa a kansu. Saboda haka ina so Mai Shari'a ya sani tun daga farko cewa ƙarar jinina na kawo, kuma da baƙin ciki nake yin ta. Ga abin da ya faru:

1. Lyson ya tare a Ntambalika, garin su Esnart, shekara tara da suka wuce, da bargonsa da kekensa. Shi ya buga bulo ya ƙona, ya gina ɗaki biyu a filin surukarsa, ya yi musu rufin kwano. Sana'arsa ɗaukar fasinja a bayan keke, daga kasuwa zuwa asibitin mishan. Esnart kuwa ba da mugun hali aka haife ta ba, a kafaɗata ta girma, na san ta. Bayan rasuwar ɗanta na biyu ta fara dafa giyar kachasu don sayarwa, daga ɗanɗanawa har ta zama ita ce babbar mai ciniki a wurin kanta. Idan ta sha, duk abin da ke kusa da hannunta makami ne. Ta watsa wa mijinta tafasasshen kunu a ƙirji. Ta sare shi da fartanya a kafaɗa yana sunkuye yana gyaran sarƙar keke. Ta cije masa kunnen hagu har ya tsinke, kotu ma ta ga abin da ya rage na kunnen. Da ya kai kuka wurin 'yan sanda, dariya suka yi masa, ɗaya daga cikinsu ya ce, “Kai da gemunka mace ta dake ka? Koma gida ka ba ta haƙuri.” Ni da nkhoswe ɗinsa mun yi zaman sulhu a gindin mangwaron gidan har mun gaji da zama. Kullum sai ta durƙusa ta yi kuka ta rantse, kafin sati ya zagayo an koma gidan jiya.

2. Ranar Lahadi, 20 ga Fabrairu, da tsakar rana bayan an taso daga coci, abin ya sauka a kan yarinya. Lokacin yunwa ne, masara ba ta nuna ba. Tadala, mai shekara bakwai, ta buɗe tukunya ta tsinci 'yan busassun kifi daga cikin miya. Uwarta ta kama hannunta na dama, ta naɗe shi da leda, ta cusa cikin garwashin murhu, ta sa gwiwa ta danne. Maƙwabciyar da ta tsallako shinge saboda ihun ta shaida wa kotu cewa ta ji Esnart na cewa, “Hannun da ya ci shi zai biya.” Lyson ya dawo ya tarar da 'yarsa a sume, ya goya ta da zani, ya taka keke har asibiti. Na je na gan ta a can. Ledar ta narke ta shiga cikin nama, yatsu uku sun manne da tafin hannu, likita ya ce ba za su sake buɗewa ba sai da aikin tiyata. Na yi shekaru ina ganin raunin wuƙa da na inji a gonar shayi, amma ranar sai da na fita waje na dafa bango.

3. Ranar Talata, 7 ga Yuni, wannan kotu ta raba auren bisa hujjar mugun hali da cutarwa. Ta ba Lyson riƙon Tadala, ta ce uwa na iya ganin ta sau ɗaya a wata a gaban jami'i. Da yake an mayar da yarinyar wurin kakarta bayan sallamar asibiti, kotu ta ɗora wa jami'in kula da yara, Mista Gondwe, alhakin isar da umarni ga dangi da shirya miƙa ta. Ba ni da ƙorafi a kan hukuncin, hukunci ne na adalci. Ƙorafina a kan yadda aka kai shi ne.

4. Mista Gondwe mutumin arewacin ƙasarmu ne, inda ake kora shanu a ɗauko mace a kai ta gidan miji, uba kuma shi ne komai. Ban ce mugu ba ne. Amma ya shigo Ntambalika a kan babur da al'adar garinsu a cikin jaka, ya tambaya, “Ina mahaifin matar?” Aka nuna masa tsoho Makwinja yana saƙar tabarma a bayan rumbu.

Ranka ya daɗe, Makwinja mijin ƙanwata ne, ina ganin girmansa. Sai dai shekararsa arba'in a wannan gari kuma har yau baƙo ne. Ko kazar gidan ba ya iya yankawa sai ya nemi izini. Tun ranar da ya tare babu wanda ya taɓa neman ra'ayinsa a kan ko da wurin da za a kafa turken akuya. Yau ga ma'aikacin gwamnati ya cire hular kwano, ya durƙusa a gabansa, yana kiransa Baba. Tsoho ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, “To, to, babu komai, ya zo ya ɗauki abarsa.” Ya dangwala yatsa a takarda. Matan da ke surfe a gefe sun yi ta dariya har da riƙe ciki, amma babu wadda ta nusar da jami'i kuskurensa. Ya hau babur ya koma ofis ya rubuta cewa dangi sun amince.

Ni da ke da ta cewa ina nan hayin kogi, a garin matata, inda ni ma baƙon nake. Da ya tambayi yaro ɗaya a hanya wane ne mai dangin nan, da an nuna masa ƙofata. Ba a neme ni ba, ba a aiko mini ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Mista Gondwe ya umarci Lyson ya je shi kaɗai ya ɗauko 'yarsa, wai kada a tara jama'a a tsorata yarinya. A wajenmu namijin da aurensa ya mutu ba ya sake taka garin matar sai nkhoswe ɗinsa na gabansa. Wanda ya shigo shi kaɗai, ɓarawo ake ɗaukarsa. Lyson ya san haka, ya kuma faɗa wa jami'in. Amsar da ya samu ita ce yanzu doka ke magana, kuma ai surukinsa ya riga ya sa hannu. Lyson mutum ne mai jin maganar hukuma, kuma ya yi watanni bai sa 'yarsa a ido ba. Ya sayi sabuwar riga mai ruwan ɗorawa da takalmin roba, ya ɗaura matashi a kujerar bayan keke don kada hanya ta jijjiga ta.

5. Ranar Asabar, 2 ga Yuli, da hantsi, Lyson ya isa Ntambalika. Ya sauka daga keke tun daga bakin gari don girmamawa, yana turawa. Ƙannen Esnart biyu, Dyton da Mavuto, suna jiran sa a gindin mangwaro, kowa da ƙotar fartanya, sun sha tun safe. Ya gaishe su, ya miƙa takardar kotu. Mavuto ya ɗaga murya yadda duk gari zai ji, ya ce, “Jama'a ga ɓarawon yara! Kai zakaran aro, ka gama aikin da aka aro ka dominsa, me ka dawo nema?”

Dukan farko a baki ya same shi, haƙora huɗu suka zube. Da ya faɗi suka rufe shi, Dyton ta haƙarƙari, Mavuto ta ƙafa. Suka kwance robar ɗaurin kaya daga kekensa suka ɗaure shi da ita a jikin mangwaron nan da muka sha zaman sulhu a gindinsa. Mavuto ya miƙar da ƙafarsa ta dama a kan saiwa, ya ɗauko dutsen murhu ya sauke a kan gwiwar, ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Waɗanda ke wurin sun ce an ji ƙarar ƙashin daga rijiya. Daga nan suka koma kan keken, suka farfasa tayoyinsa da duwatsu, suka rataya wa Lyson lanƙwasasshen gargare a wuya suna cewa ya tashi ya kai fasinja.

Duk wannan a gaban Tadala aka yi. Ta ƙwace daga hannun kakarta ta ruga wurin ubanta tana ihu, ta rungume shi, jininsa ya ɓata mata riga. Esnart ta zo ta fizgo ta, kuma da ƙonannen hannun ta fizgo ta, ta ja ta a ƙasa har cikin ɗaki. Fatar da ta fara warkewa ta tsage.

Mutum ɗaya ne ya yi yunƙurin hanawa, kuma gaskiya ta wajabta in faɗi sunansa. Tsoho Makwinja ya fito yana cewa shi ya ba da izini, shi ya sa hannu. Ɗansa na cikinsa, Dyton, ya ture shi ya faɗi, ya ce, “Baba, koma kan tabarmarka, wannan ba maganar baƙi ba ce.” Dagacin gari yana tsaye da sandarsa daga nesa, ya zuba ido yana kallo. Wata mata mai sayar da tumatir ce ta yanke robar da wuƙarta bayan sun gaji sun koma shan giya, aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa asibiti. Haƙarƙarinsa uku sun karye, gwiwar ta ragargaje. Likita ya ce zai yi tafiya da sanda, amma shi da taka keke har abada. Har ranar da nake wannan rubutu Dyton da Mavuto suna yawonsu a kasuwa, babu wanda ya tambaye su ko sunansu.

6. Labari ya iso ni a bakin masu ƙetare kogi. Ranar Asabar, 9 ga Yuli, na sa kwat ɗina na zuwa coci na tafi Ntambalika, na tara dangi a gaban dagaci. Na ce musu tunda al'ada suke riƙe da ita, to ga al'ada ta zo da ƙafarta. Ni ne mai yarinyar nan, kuma na ba ubanta.

Ƙanwata Fanesi, kakar yarinyar, ta faɗi ƙasa tana kuka, tana cewa, “Yaya, ita kaɗai ce mace a jikokinmu. Idan ta tafi, wa zai gaji gonar Inna? Wa zai share kabarinmu?” Ina roƙon kotu ta fahimci wannan, domin shi ne gindin maganar. Gona a wajenmu ta hannun mata take sauka. Esnart ba ta da 'yar'uwa mace, 'ya'yan Dyton da na Mavuto na dangin matansu ne. In Tadala ta girma a wani gari, gidanmu ya ƙare, gonar mahaifiyata ta koma hannun dagaci. Na san haka fiye da kowa a wurin, kuma abin yana ci mini rai. Amma na tambayi ƙanwata da wane hannu yarinyar za ta noma gonar.

Mavuto ne ya amsa. Ya ce, “Kawu, tsufa ya taɓa maka kai. Ka je ka mulki gidan matarka in za su bar ka.” Ya shiga ɗaki ya fito da adda, ya sara kujerar da nake zaune a kai, tsakanin ƙafafuna, ta rabe biyu. Sara na biyu na tare da hannu, ɗinkin yana nan a damtsena, a shirye nake in nuna wa kotu. Yaron da na kai makaranta a kafaɗata ne ya ce in na sake ƙetaro kogi, a kogin za a tsinci gawata. Dagaci da na juya gare shi cewa ya yi takardar kotu ba ta ambaci kawu ba, wanda ta ambata kuma ba shi da iko, don haka shi ba ya ganin inda zai sa baki.

Kafin a kore ni na ga Tadala. Ƙanwata ce ta buɗe mini ƙofa a ɓoye. A ɗakin da ake dafa kachasu suke kulle ta, tsakanin durom da tulunan tsimi, don kada ta gudu. An naɗe hannun da tsumma, an barbaɗa toka, ƙuda na bi, warinsa ya cika ɗakin. Jikinta zafi rau. A hannunta na hagu da bayanta akwai sababbin shatar bulala, ƙanwata ta ce na ranar da ta ƙi cin abinci ne. Ba ta yi kuka ba da ta gan ni. Ta matso ta yi mini raɗa ta ce, “Kaka, da gaske Baba ya mutu?” Abin da uwarta ta gaya mata ke nan. Na ce mata yana raye, yana tambayarta. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba.

7. A makon jiya na samu labari cewa Esnart da ƙannenta sun shigar da buƙata a gaban wannan kotu, suna neman a soke riƙon da aka ba Lyson, bisa hujjar cewa gurgu ne, ba shi da sana'a, ba zai iya ciyar da yarinya ba. An ce an sa ranar sauraro a ƙarshen Satumba, kuma Mista Gondwe ya dakatar da maganar miƙa ta har sai an yi zaman. Ranka ya daɗe, ina neman gafarar kotu idan harshena ya yi kaifi. Su suka karya ƙafar da dutse, su ne kuma suka ɗauko ta suka kawo wa kotu a matsayin shaida. Lyson yana kwance a gidan yayarsa Grace Chikaonda a cikin garin Chitembere. Tana da rumfa a kasuwa, tana da ɗaki, ta ce a kawo mata yarinyar yau in ana so. Gidanta kusa yake da asibiti da makaranta.

Bisa waɗannan dalilai, ina roƙon wannan kotu mai daraja, cikin ƙasƙantar da kai:

(a) Ta ba da umarni a ɗauko Tadala Chikaonda daga Ntambalika cikin wannan mako, da rakiyar 'yan sanda, a wuce da ita asibiti kai tsaye, daga nan a miƙa ta ga mahaifinta, ba tare da jiran zaman Satumba ba.

(b) Ta sake rubuta umarnin da sunana, a karanta shi a gaban dagaci, don kada wani ya sake fakewa da al'ada. Zan shiga motar 'yan sandan, zan sauka a gaba, ko me Mavuto ya rantse zai yi.

(c) Ta sa a kama Dyton Makwinja da Mavuto Makwinja su amsa laifin abin da suka yi wa Lyson. Nawa saran na yafe.

(d) Ta yi watsi da buƙatar soke riƙo, ta kuma sa a duba Esnart a asibiti. 'Yata ce, ban fitar da rai da ita ba, amma kada a sake barin ta da yarinya su biyu a ɗaki.

(e) Ta ja hankalin jami'anta su riƙa tambayar wane ne mai magana a gida kafin su karɓi sa hannu. Kada kuma a tuhumi tsoho Makwinja da komai, abin da aka tambaye shi ya amsa.

Ranka ya daɗe, na san abin da wannan takarda za ta jawo mini. Ƙanwata ba za ta sake yi mini magana ba. Ranar da na mutu ba za a ɗauki gawata a ƙetare da ita Ntambalika a binne ni kusa da mahaifiyata ba, a nan garin baƙunta za a rufe ni. Na auna wannan duka, na yarda. Abin da na kasa yarda da shi shi ne a ce wa yarinya mai zazzaɓi da ruɓaɓɓen hannu ta jira Satumba. Hannunta na dama ya tafi kafin kotu ta yi hukunci, wannan ba laifin kotu ba ne. Na hagun yana nan, na riƙe shi ranar 9 ga wata, yatsunsa biyar duk suna motsi. Ina roƙon Mai Shari'a ya aiko a ɗauke ta tun suna motsi.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama aikinka lafiya.

Naka mai biyayya da girmamawa,

Bizweck Namakhwa,
Babban kawun Esnart Makwinja, kakan Tadala Chikaonda.